Sunan da Malam Ya Karɓe

Don yaron ya yi, ko don sunansa? Tun ranar da aka fita da Malam daga ɗakin nan nake juya tambayar nan. In kwanta da ita, in tashi da ita. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya har kaina ya yi fari fat, ina gane tarinsa a tsakiyar hayaniyar kasuwa, amma wannan abu ɗaya ban sani ba. Wanda zai gaya mini kuwa yana kwance a maƙabartar bayan gari. Allah ya jiƙansa, ya haskaka masa, ya sa can ta fi masa nan.

Ni ban yi boko ba, ko alƙalami ban iya riƙewa ba. Jikana ne yake rubutawa, ni ina faɗa. Na ce masa ya rubuta duk abin da ya fito daga bakina, ko ya yi masa daɗi ko bai yi ba, kuma kada ya gyara mini magana. Ina cikin takaba, an ce in zauna wuri ɗaya in yi haƙuri. Haƙurin ina yi, zaman ne ya gagare ni. In leƙa tsakar gida, in dawo, in ɗaga butarsa, in ajiye, in ji kamar an yi sallama in miƙe. Kuka kuwa ban ɓoye wa kowa ba. Saboda haka in maganar ta yi gaba ta dawo baya, a yi mini uzuri.

Mutane sun zo. 'Yan kasuwar Karshi ne suka fara cika ƙofar gida, mahauta da teloli da masu hatsi, har da waɗanda suka sha yin cacar baki da shi. Wata tsohuwa Bagwandariya mai sayar da doya a gefen rumfarsa ta shigo ta zube a gabana, ta yi kukanta da yarensu, sannan ta share hanci ta ce, "Malam ta tafi. Yanzu wa za ta riƙa yi mini faɗa?" Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini a cikin kukan ba.

Abokan aikin babban ɗanmu su ma sun zo daga ma'aikata a motar gwamnati, da ogansu a gaba, sun rasa inda za su ajiye takalmansu masu ƙyalli. Ogan ya tsaya a bakin ƙofata ya yi mini gaisuwa, ya ce labari ya kai har ofishinsu cewa akwai wani tsoho mai sayar da goro da ya kai jikansa makarantar likitoci. Ya ce wannan hikima ce babba. Ƙanin Malam, wanda ya taso daga ƙasar Zazzau, yana zaune a gefe yana jin su. Da suka fita sai ya ce, "Hikima wai. Taurin kai dai, Yaya. Tun muna yara haka yake, ba ya son a ce an fi shi." Surukata kuwa, uwar yaron, ta riƙe ƙafata tana cewa, "Inna, na yi fushi da shi shekara da shekaru a kan ya raba ni da ɗana, ga shi ya tafi ban ce ya yafe mini ba." Kowa da irin Malam ɗin da ya zo da shi a bakinsa. Ni ina tsakiya ina jin su.

Mutum ɗaya ne bai ga jana'izar ba, shi ne mai rubutun nan. Yana can jami'a wajen rajista, ba a aika masa ba. Da ya ji ya zo, ƙasar kabarin har ta bushe. Ya ajiye jakarsa a zaure ya ce shi da makaranta har abada. Ubansa ya yi faɗa, uwarsa ta yi roƙo, ya ƙi. Ya daina yi wa uban magana, wai shi ya hana a kira shi. Kullum sai ya ɗauki makulli ya je ya buɗe rumfar kakansa ya zauna, ba ya saye ba ya sayarwa. Can kuwa an fara karatu, kuma gurbin nan ba ya jiran kowa, akwai masu tsaye suna jiran wani ya saki su kama. Shi ya sa na ce ya zo ya zauna a gabana da takarda. Rubuta, ban ce ka kalle ni ba.

Malam ɗan goro ne. Da huhu ɗaya muka sauka a Karshi, tun nan duk daji ne da gonakin doya, ba wanda ya yi mafarkin gwamnati za ta taso ta zo kusa da mu. Ya tsufa yana sayar da goro, amma ban taɓa ganin ya sa shi a baki ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Wanda ya ga abin da yake yi wa haƙoran masu saye ba zai ci ba." Kuma a gaban masu sayen yake faɗa. Ba ya iya zama haka nan. In babu ciniki sai ya kwance huhun da ya ɗaure jiya, ya tsince, ya yayyafa ruwa, ya sake ganye, ya ɗaure. Yana da wata kalma da ta ishi kowa: "Daga nan fa?" In ka ce masa ka sayi keke, sai ya ce daga nan fa. In na ce tuwo ya nuna, daga nan fa. Wata rana limamin unguwa ya gama ba shi labari mai tsawo a kan tafiyarsa, Malam ya ce daga nan fa, liman ya ce, "Daga nan sai in tashi in bar maka rumfarka."

Yana da faɗa, ban ɓoye ba. Amma tsohuwar nan mai doya, shekarar da mijinta ya kwanta, Malam ne yake kwashe mata kaya ya adana a rumfarsa duk yamma, yana kwasa yana mita, wai doyarta na jawo masa ɓeraye. Bai fasa kwasar ba, bai fasa mitar ba.

Sunansa ban taɓa faɗa ba, kuma yau ma ba zan faɗa ba. Da aka haifi jikan nan a Ikko, can bakin teku, inda ubansa ke aikin gwamnati a lokacin, sai aka sa masa sunan Malam. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Mai sunan maigida ba a kiran sunansa, ba a zaginsa, ba a dukansa. Aka riƙa ce masa Baba Ƙarami. In ya fasa kwano, uwar ta ce, "Baba, yi haƙuri ka daina." Ta yaya za ta ɗaga hannu ta mari sunan surukinta? Uban ma in ya zaro ido sai ya tuna wa yake zaro wa, ya mayar. Yaro ya tashi ba wanda ya taɓa ce masa bari da ƙarfi. Ba mugun yaro ba ne. Kansa kawai ba a taɓa matsawa ba.

Sai gwamnati ta taso daga Ikko ta dawo Abuja, aka kwaso ma'aikata da iyalansu da kujerunsu a manyan motoci. Ɗanmu ya sami ɗaki a kwatas ɗin Karu. Na yi murna, na ce yau jikokina sun zo kusa. Yaron a lokacin zai shiga ajin farko na babbar sakandare. Sabuwar makaranta, ba abokai, malamai wasu sun iso wasu suna hanya. Shi kuma ya gano inda ake buga ƙwallo a bayan kwatas, da inda ake kallon fim. Hausarsa ma a karye take. Ranar farko da ya gaishe ni cewa ya yi, "Kaka, ka kwana lafiya?" Na ce ka ji mini angon nawa, ko gaisuwar matarsa bai iya ba.

Ƙarshen shekarar suka zo mana hutu. Bayan an ci abinci Malam ya ce a kawo katin sakamako. Uban ya fara kame-kame, wai an manta shi a Karu. Ƙanwar yaron ta ce yana cikin jakar Mama. Malam ya karɓa ya juya shi sama da ƙasa, shi ajami ya iya, sannan ya miƙa wa mai shi.

"Karanta daga sama."

Yaro ya karanta sunan.

"Sake faɗa." Ya sake. "To, wannan mutumin da ka kira, na nawa ya zo?"

"Na ƙarshe... saura ɗaya."

"Alhamdu lillahi, ashe ya fi wani. Wanda ke bayansa fa?"

"Bai zo jarrabawa ba. Yana asibiti."

Ƙanwar ta fashe da dariya, ni ma na rufe baki da mayafi. Malam bai yi dariya ba. Sannan ya ce, "Ni na kai sunan nan kasuwanni da yawa, ba a taɓa kiransa a ƙarshen layi ba. Aro na ba ka, ka kai shi ka zubar. Daga yau na karɓe abina. Babu sauran Baba Ƙarami a gidan nan. Wanda ya ga dama ya zage ka, wanda ya ga dama ya ja kunnenka. Kai Ɗan Ikko ne." Muka ɗauka wasan kaka da jika ne. Washegari uwar ta ce, "Baba, zo ka sha koko," Malam ya amsa daga ɗaki, "Ga ni nan zuwa. Ni kaɗai ne Baba a nan."

Rigimar gaske da uban aka yi ta. Ɗanmu ya zo shi kaɗai wata Asabar ya durƙusa ya ce ya sami mafita. Akwai wata makarantar kuɗi a bayan Masaka, in yaro ya zauna jarrabawar fita a can, ba ya faɗuwa.

"Me ya sa ba ya faɗuwa?" in ji Malam.

"Suna taimaka musu, Baba."

"Da me?"

"Wani lokaci... a kan rubuta musu a allo."

"Su kwafa."

"Baba, zamani ya sake. Kowa a ofishinmu haka yake yi wa 'ya'yansa. In ba takarda mai kyau, ba jami'ar da za ta kalle shi."

"Takardar da za su ba shi, sunan wa za a rubuta a kanta?"

Malam ya ɗora da cewa:

"To sunana ba ya sata. In can za ka kai shi, ka nemi rago ka yanka, ka tara mutane, ka raɗa masa wani. Sai ka kai shi duk inda kake so."

Ina bayan labule ina ji. Mutum da gemunsa da ofishinsa, ya fita daga ɗakin nan idonsa ja. Abin da Malam ya yanke shi ne yaro ya dawo Karshi wurinmu, ya shiga makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo tare da 'ya'yan manoma, kuma ya maimaita ajin da ya faɗi. Uwar ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa ta da surukinta.

Yadda ya yi da shi kuwa, ban taɓa jin wani ya yi haka ba. Bai ɗauko masa malami ba, bai taɓa dukansa ba. Cewa ya yi, "Ni ban yi boko ba, kai za ka koya mini. Duk abin da aka faɗa muku a aji, ka zo rumfa bayan la'asar ka faɗa mini da Hausa har in gane. In ban gane ba, kai ma ba ka gane ba." Shi ke nan. Malam yana tsintar goro, Ɗan Ikko yana tsaye da littafi yana gumi. Ya faɗi jimla ɗaya, a ce masa daga nan fa. In ya tsere cikin Turanci, Malam ya ce, "Dawo, ban bi ka can ba." In ya cije, sai a ce, "Gobe ka koma ka tambayo." Har malaman makarantar suka san shi. An ce in yaron ya ɗaga hannu sai malami ya ce, "Taka ce ko ta kakanka?"

Ranar da ya ce ƙasa tana juyawa, rabin kasuwa ta taru. Malam ya ce, "In tana juyawa, me ya sa ƙofar rumfata kullum gabas take kallo?" Yaro ya ɗauki farin goro ya ce ga rana, ya ɗauki ja ya ce ga ƙasa, ya soka tsinke a jikin jan ya ce ga rumfar Malam. "Kai, kada ka huda mini marsa, babban goron nan! Ɗauki ƙarami." Sun yi kwanaki a kan wannan. A ƙarshe Malam ya ce ya ji, amma bai yarda ba. Yaro ya ce ai ji aka ce, ba yarda ba. Wannan ne karo na farko da na ji ya mayar masa da magana da Hausa tsaf.

Kafin a kai nan ya gudu sau ɗaya. Wata safiya ya sa rigar makaranta ya hau mota sai Karu, uwar ta ɓoye shi a ɗaki. Ranar kasuwa ce, kuma Malam bai taɓa rufe rumfa ranar kasuwa ba, ko ranar da na haihu. Ya rufe. Ya je ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata bishiya a gaban kwatas, inda matan ma'aikata duk ke ganinsa. Bai shiga ba, bai yi sallama ba. Aka kawo masa ruwa ya ce ya gode. Rana ta take, ta karkata. Sai da kunya ta ishi surukar tawa ta turo yaron waje. Ya zo ya tsaya yana jiran zagi. Malam ya naɗe buzu ya ce, "Ka bar ni a tsakiyar darasi. Har yanzu ban san inda ruwan sama yake fitowa ba." Suka dawo tare.

Ni na yi faɗa da shi a kan yaron nan ba sau ɗaya ba. Na ce, "Malam, ɗan mutane ya rame. Kai ba ka iya cewa madalla ba ne?" Ya ce, "Madallar da aka yi ta ba shi a Ikko ce ta kai shi ƙarshen layi." Amma bari in faɗi abin da mai rubutun nan bai sani ba. Wata rana mahaucin da ke kusa da su ya ba su zuciyar rago, yaro ya tsaga ta da reza ya nuna wa kakansa inda jini ke shiga da inda yake fita. A rumfa Malam cewa ya yi, "Ɗaki huɗu, kamar gidan haya. Daga nan fa?" Da ya dawo gida ko hula bai cire ba ya ce mini, "Ke, kin san zuciya ɗaki huɗu gare ta, kowane da ƙofarsa?" Na ce wa ya gaya maka? Ya ce, "Wani yaro." Ya zauna yana murmushi shi kaɗai har tuwonsa ya huce. Sannan ya ce in na faɗa wa yaron, bai yafe ba. To Malam, ka yafe mini, na faɗa. Goge idonka ka ci gaba, kada ka jiƙa mini takarda.

Shekarun suka tafi haka. Daga ƙarshen layi ya dawo tsakiya, daga tsakiya ya matso gaba. Jarrabawar fita ta yi kyau, da hannunsa ya rubuta ta, a ajin da rufinsa ke yoyo. Ya ce shi likita zai karanta, a jami'ar can gida Zazzau, inda 'ya'yan manya da masu kai na ƙasar nan duk suke rububin shiga. Ya zauna jarrabawar shiga, makinsa ya yi kyau amma bai kai nasu ba. Suka ce in yana so ga wani fannin. Uban ya ce a karɓa da hannu biyu. Abin mamaki, Malam ma ya sauko. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Ɗan Ikko, karɓi abin da ya samu. Ka yi ƙoƙari." Ban taɓa jin ya faɗa masa kalmar nan ba sai ranar. Yaro ya kalle shi ya ce, "In na karɓa, daga nan fa?" Malam ya juyo ya kalle ni, kamar ni na koya masa.

Ya ƙi karɓa. Ya sake shekara guda a rumfa, abokansa na makaranta suna wucewa da jakunkunansu, wasu suna tsokanarsa da likitan goro. Ya sake zama jarrabawar. Wata safiya uban ya zo a guje da jarida a hannu, ko motar bai kashe ba. Sunan ya fito. Malam ya sa aka nuna masa wurin, ya ɗora yatsa a kai, ya ce a karanta. Aka karanta. Ya ce a sake. Mata suka yi guɗa, mai doya ta yi rawa a tsakar gidan nan. Yaron yana tsaye a gefe, ba ya kallon kowa sai kakansa. Na san abin da yake jira. Duk gidan mun sani.

Malam ya naɗe jaridar ya ce, "Ɗan Ikko, je ka buɗe rumfa, rana ta yi."

Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce, "Ka ji tsoron Allah. Me kuma kake so ya yi? Ya haɗiye littafin? Ka mayar masa da sunansa." Ya ce, "Jarida ba aji ba ce. Sai ya zauna a kan kujerar na ji labari." Na ce kai da wa kake wannan gasar? A nan ne tambayar nan ta fara shiga raina, kuma har yau ba ta fita ba. In don yaron ne, me ya hana shi faranta masa a ranar? In don sunan ne, me ya kai shi zama a rana a gaban kwatas?

A lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura. Numfashi yana yi masa wuya in ya yi tafiya kaɗan. Ni na sani, don ni nake gasa masa su. Ya hana ni faɗa. Ya koma sa doguwar riga mai jan ƙasa, kuma kafin yaron ya fito da safe ya riga ya zauna ya rufe ƙafa da bargo. Ranar tafiya ya ce sai ya raka shi tasha. Na ce ba za ka iya ba. Ya tafi, a tsaye, ba sanda. Mai rubutun nan ya fi ni sanin abin da aka faɗa a can. Ya gaya mini cewa da mota za ta tashi ya leƙo ta taga, kakan ya ce, "Ɗan Ikko, kada ka yi barci su wuce da kai Kano." Abin da bai gani ba shi ne dawowar. A baro aka turo Malam gida.

Rajistar nan ba ta kwana ɗaya ba ce. An gaya mana sai an bi layi ofis bayan ofis, a duba takardu, a gwada lafiyar mutum, kuma dole kai da kanka. Wanda aka kira ba ya nan, sai a kira na bayansa. Yaro yana can cikin wannan, Malam yana nan jiki yana ƙara nauyi. Ɗanmu ya zo da mota, ya kai shi asibiti a cikin gari, suka ba da magani suka ce a dawo da shi gida. Na ga fuskar ɗana da suka shigo, na gane.

Yanzu ka buɗe kunnenka, don wannan kai nake faɗa wa. Ubanka ya riga ya ba direba umarni ya kama hanya ya ɗauko ka. Ina tsaye. Direban har ya tayar da mota. Malam ya ji ƙarar daga ɗaki ya ce a kira masa uban naka. Ya ce, "Ina za shi?" Aka gaya masa. Ya ce, "Kashe motar nan." Ubanka ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce, "Baba, ba zai yafe mini ba." Malam ya ce, "Ya daɗe bai yafe ba. Ba a aika mota, ba a aika mutum. In ta Allah ta kasance, kada a kai sanarwa gidan rediyo sai ya gama, don yana jin sunan zai taso." Ubanka ya bi maganar ubansa. Da ka zo kana yi masa kallon nan, bai ce maka komai ba, don ba ya son ya ɗora laifi a kan wanda ke kabari. Ni kuwa matarsa ce, na saba ɗora masa laifi yana raye, ba zan fasa yau ba. Shi ya hana.

Washegari da hantsi, ubanka ya fita neman mai allura, uwarka tana murhu. Ni kaɗai ce a wurinsa. Rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta a kan ƙafafun nan nasa. Na ɗaga kansa na ba shi ruwa, ya kurɓa kaɗan. Ya ce, "Ke." Haka yake kirana tun ina amarya. Na ce na'am, Malam.

"Yau wace rana?"

Na gaya masa.

"To yau ko gobe zai zauna a kujerar."

Na ce in sha Allahu. Na ce, "Malam, da ka bari ya zo ya gan ka." Hawaye suna zuba mini a kan hannunsa, bai ce in daina ba, shi da ba ya son kuka.

Na riƙe saƙon nan tun ranar. Ba irin wanda ake faɗa a tsaye a bakin ƙofa ba ne, kai kuma tun da ka zo ka ƙi zama a gabana, ka gaishe ni kana kallon bango ka fice. Yau ka zauna. Uwarka ta wanke maka kaya ta goge, motar arewa tana tashi daga Masaka da safe. Ni ba zan ce maka ka tafi ba, ba zan ce ka zauna ba. Abin da aka ba ni kawai zan ba ka, da hannunka kuma za ka rubuta shi. Bayan saƙon nan bai sake magana da ni ba, sai kalmar shahada da ya yi ta maimaitawa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ya damƙe yatsuna, ya jira numfashi ya dawo masa, sannan ya ce:

"Me zai gani a nan? Tsoho ne da kumburarrun ƙafafu. Ya zauna ya koyi abin da ya kumbura su. In ya zo, ki ce wa Baba Ƙarami ya riƙe sunan da kyau. Ni na gama da shi."